Masu rubuta labarin farautar sata da dogaran daji: ina ake kuskure?

Maman Sultan:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. A watannin nan labarai uku aka turo zauren nan a kan masu farautar sata da ma'aikatan gandun daji, kuma duk ukun hanya ɗaya suka bi: mugun maharbi mai jajayen idanu, jarumin ma'aikaci yana bin sa shi kaɗai, a yi musayar wuta a babin ƙarshe, alƙali ya yanke ɗaurin rai da rai. Akwai kuma masu son rubuta tarihin iyayensu da suka yi aikin daji. Tunda Allah ya haɗa mu da waɗanda suka san harkar, don Allah a warware mana: yaya aikin yake a zahiri, ina ake zamewa, kuma me mai rubuta tarihin gaske zai kiyaye? A ɗauka a dajin Kamuku za a kafa labarin, tunda shi ne namu.

Malamin Daji:
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da wurin kansa. Kamuku yana ƙaramar hukumar Birnin Gwari, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,100, kuma ya yi maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun En'e, sai a 1999 ya koma hannun gwamnatin tarayya. Wannan bambancin yana da amfani ga mai labari. In a 1985 labarinki yake, ma'aikacin da ke ciki na jiha ne, da dokar jiha yake aiki. In bayan 1999 ne, ma'aikacin Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ne, mai kaki da igiya, umarninsa daga Abuja yake zuwa.

Ba kurmi ba ne. Dajin doka ne, da maje da kaɗanya da ɗorawa da marke, ga duwatsu jefi-jefi, sai a bakin rafuka ake samun duhuwa. Dabbobin da aka san shi da su: gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, bika, jan biri, da 'yan giwaye masu kai da komo tsakaninsa da dazukan maƙwabta. Kada a sa zaki. Yankari da Kainji kaɗai ake maganar sauran zakuna a Najeriya, duka-duka ba su kai 50 ba. Kada a sa raƙumin dawa ko karkanda. Masu zanen bango kuma ku kula, dabbar nan mai ratsin baƙi da ruwan goro ta Asiya ce, damisarmu ɗigo-ɗigo gare ta.

Sai lokaci, wanda shi ne aka fi wasa da shi. Daga Yuli zuwa Oktoba gamba ta fi mutum tsayi, taku biyar ba ka hango na gabanka, rafuka sun cika, mota ba ta shiga. Nuwamba zuwa Disamba ake sa wuta, daji ya buɗe, toka ta kwanta, sawu ya fito raɗau. Fabrairu zuwa Afrilu ruwa ya janye ya bar 'yan mashaya kaɗan. Dole dabba ta zo nan, maharbi ya sani, dogarin daji ma ya sani. In gamo ake so, a bakin mashaya za a haɗa su da bazara, ba tsakiyar damina ba.

Kuma duk labarin da aka kafa a Kamuku na shekarun baya-bayan nan bai ambaci 'yan bindiga ba, ɗan Birnin Gwari zai ajiye shi a shafi na biyu. Ma'aikata shida ba sa sintiri inda daba take.

Ɗan Baka:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni inda ke min ciwo daban ne. Marubuta kan zuba kowa a kwando ɗaya su ce mafarauci, alhali mutum uku ne daban-daban.

Maharbi shi kaɗai yake shiga, ko da yaronsa ɗaya. Gado ne, yana ƙarƙashin Sarkin Baka, kiɗansa komo. Ba ya hayaniya, ba ya wanka da sabulu mai ƙamshi ranar shiga daji. Yana ɗauke da 'yar toka a ƙunshi, ya ɗiba ya saki ya ga inda iska ta nufa, don dabba da hanci take fara jin mutum kafin ido, dole iska ta riƙa bugo shi daga wajenta. In fili ne babu maɓoya sai ya ɗaura burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya matso.

'Yan farauta kuwa taro ne na rani, bayan an kawar da amfanin gona. Ganga, ƙaho, karnuka, gora da barandami, a cika mota a tafi. Abin da suke samu zomo ne da gafiya da damo da zabin daji, in an dace gada. Rigimarsu a kan wanda ya fara bugun nama take.

Na uku ɗan kwangila ne, wanda wani ya ba harsashi da kuɗin guzuri ya ce kawo min kaza. Shi kuke nema, kuma sau da yawa ba ɗan yankin ba ne, ɗan gari yake samu ya yi masa jagora.

Maganar bindiga kuma. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma a danƙare da sanda, a zuba harsashi, a sake tura tsumma, sannan a ɗana kunama. Harbi ɗaya ne, kafin a sake ɗuri an ci minti guda ko fiye, shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga. Hayaƙinta yana tona inda mutum yake. Albarushin da ya sha raɓa ba ya tashi. In aka cika ɗuri bututun ya fashe ya tafi da yatsu, dalilin da za ki ga wasu tsofaffin maharba da dungu ke nan. Ba ta cin nesa, sai an matso taku ashirin ko talatin. A ɗaya daga cikin labaran nan maharbi ya yi harbi bakwai a jere da adaka, a gyara wurin.

Malamin Daji:
Gaskiya ne Yaya. Kuma abin da ya fi bindiga ɓarna ba ya ƙara, wato tarkon waya. Wayar birkin babur ce, ba ta da tsada, mutum ɗaya ya ɗana gommai a hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, ya koma gida. Waya ba ta zaɓe: mai ciki, ƙarami, kura, hancin giwa. Wadda ba a zagayo da wuri ba ta ruɓe a wurin babu wanda ya amfana.

Sintiri kuma ba gudu da mota ba ne, tafiyar ƙafa ce. Mutum shida zuwa takwas, kwana bakwai ko takwas a daji, kilomita goma zuwa sha biyar a yini. Kowa da kayansa a baya: gari, shinkafa, wake, manja, busasshen kifi, ledar shimfiɗa, gidan sauro, da ruwa, wanda da bazara lita huɗu ba ta isar mutum. Jere ake tafiya, mai bin sawu a gaba, babu hira, babu taba, babu turare. A tashi bayan sallar asuba, a huta da rana tsaka, a dafa abinci kafin duhu a kashe wutar, sannan a matsa gaba a kwana a wani wurin, don hayaƙi da haske ne ke nuna sansani. Mutum ɗaya yana riƙe da waya ko na'urar GPS yana shigar da duk abin da aka gani: tarko nawa, kwankon harsashi, sawun shanu, kututturen madobiyar da aka sare, ragayar banda. A Yankari, inda WCS, ƙungiyar kare namun daji, ke aiki da gwamnatin Bauchi, a manhajar SMART ake tara wannan bayani, da shi ake tsara inda sintiri na gaba zai nufa.

Kame ya fi yiwuwa da asuba a sansanin banda, lokacin da suka dawo daga farautar dare da fitilar goshi suka kwanta. A kewaye su, a fara ɗauke bindigogin da aka jingine, sannan a tashe su. Kame mai kyau babu harbi ko ɗaya a cikinsa. Wahalar tana bayan nan: a taso mutum uku da ɗaurin nama, tafiyar yini biyu zuwa inda mota ke iya zuwa, ana raba ruwan sha da su.

Abin da ke lalata sintiri kuwa: takalmi ya yage, batir ya mutu, zazzaɓi, saran maciji, alawus bai fito ba, ko wani a gari ya ga motar da ta sauke su ya buga waya. Na ƙarshen nan a ganina shi ne zuciyar labarin. Ma'aikacin da wanda ya kama kasuwa ɗaya suke ci, wataƙila sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a, wataƙila akwai auratayya. Bayan an sallami mutumin da tara, ma'aikacin ne zai wuce ta ƙofar gidansa kullum.

Ustaz Abu Maryam:
Allah ya saka da alheri. Akwai gefen addini da marubutanmu ke tsallakewa, alhali mutanen da suke rubutawa da shi suke auna komai. Farauta halal ce da sharuɗɗanta: a ambaci sunan Allah lokacin harbi ko sakin kare, karen ya zama horarre, in an tarar da dabbar da rai a yanka ta. A duba aya ta 4 a Suratul Ma'ida. Aya ta 3 kuma ta lissafa wadda aka shaƙe cikin haramtattu. To dabbar da waya ta shaƙe ta mutu kafin mai tarko ya iso, mushe ce. In ya ƙyafe ta ya kai kasuwa, mushe ya ciyar da mutane. Wannan zai hana maharbin labari barci fiye da tsoron alƙali. Risala ma ta ce farauta don wasa makaruhi ce.

Keɓe daji kuma ba Turawa suka fara kawo shi ba. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, mu ma muna da hurumi tun kaka da kakanni. Dogarin daji a labari zai iya kare aikinsa da wannan a gaban dattawan gari, ba sai ya karanto lambar doka ba.

Anti Edita:
Ina da ja a nan. In muka zuba wannan bayani dalla-dalla a littafi, ba makaranta muka buɗe wa masu ɓarnar ba? Littattafanmu a WhatsApp suke yawo, ba mu san hannun da suke faɗawa ba.

Dakta Mando:
Anti, iyakar a fili take. Abin da aka tarar mai karatu ke buƙata, ba yadda ake haɗawa ba. A ce an barbaɗa maganin ƙwari na gona a mushe, ya isa, ba a faɗin sunansa ko yawansa. Dafin kibiya a ce kwankwani a wuce. Abin da aka tarar ɗin ne ma ake rubutawa ba daidai ba.

Ɗauki gawar giwa. Haure haƙori ne, kusan kashi ɗaya cikin uku yana cikin ƙashin kai, gindinsa kuma rami ne mai jijiya. Ba a zare shi daga sabon mushe kamar an tuge rogo. Mai gaggawa gatari yake sa wa ya sare fuskar gaba ɗaya, aikin sa'o'i ne. Wanda ba ya tsoron kowa sai ya lulluɓe gawar da rassa don kada ungulu su tona, ya dawo bayan kwanaki in nama ya saki, ya girgiza ya zare. Ma'aikaci yana ganin kan ya san wanda ya yi aikin: ko fuska a sassare, ko ramuka biyu lafiya lau.

Yadda ake ƙiyasta kwanakin gawa: ƙudaje suna yin ƙwai cikin sa'o'i, da zafin bazara tsutsa ta fito cikin kwana guda. Bayan 'yan makonni nama ya ƙare, sai busasshiyar fata a kan ƙashi kamar an kafa tanti. Ruwan jikinta yana kashe ciyawar wurin, ya bar fili zagayayye da ke daɗewa bai sake tsiro ba. Daga sawu ma ana sanin girma: a auna kewayen sawun ƙafar gaba a ninka biyu, kusan tsayin kafaɗarta ke nan. Wata 22 take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa, kuma wanda bai kai shekara biyu ba da wuya ya rayu in an kashe uwar. Gane haure daga jabu: in an yanka shi a gicciye ana ganin layuka masu ratsa juna kamar saƙar raga, ƙashi ba shi da su sai 'yan ɗigon ramuka, roba kuwa zazzafar allura tana narka ta.

Sannan ba dole sai giwa ba. Duk wanda ya girma a Kaduna ya san yadda ungulu ke cika kwata a da, yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa ungulun nan tamu ta gari cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya take yi, ga masu sayen kanta don tsibbu, ga guba da ke kashe gommai a mushe ɗaya. Ana cewa ungulu ba ki jewar banza, kuma da jewar tata dogaran daji ke gano inda gawa take. Ƙarewarta makanta ce gare su. Ban ga wanda ya rubuta wannan ba tukuna.

Barista Unguwar Rimi:
Salamu alaikum. Bari in ɗauko daga inda Malamin Daji ya sauke mutanensa a mota, don a nan yawancin ƙararraki ke mutuwa.

Da farko babu ɗaurin rai da rai a laifin farauta, sai in an kashe mutum, wannan kuwa shari'ar kisan kai ce a babbar kotu. Doka uku mai labari zai bambance. A gandun ƙasa irin Kamuku, dokar Hukumar Gandun Daji ce ta 1999. A dazukan jiha, asalin abin Dokar Namun Daji ce ta Jihar Arewa ta 1963. Safara zuwa waje kuma dokar 1985 ce ta dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda tararta naira 1,000 ce kacal har sai da aka yi mata gyara a 2016 ta kai naira miliyan 5. Bindigar kanta laifi ne daban in babu lasisi, kuma lasisin bindigar toka daga kwamishinan 'yan sanda yake fitowa.

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ku haɗa wannan da tafiyar yini biyu a ƙafa ku ga matsin da ma'aikaci ke ciki. A gaban majistare za a karanta masa takardar ƙara. In ya amsa laifi a yanke nan take, yawanci tara ko 'yan watanni. In ya musa a ba da beli a sa rana, daga nan sai ɗage-ɗage. Shaidun kuwa su ne ma'aikatan da ke can cikin daji, kowane zama sai an nemi kuɗin mota.

Ga ramukan da ake faɗawa. Ɗaya, iyaka: zai ce a wajen gandu aka kama shi yana neman saniyar da ta ɓace. In ba a ɗauki lambar GPS ta wurin ba, babu taswirar da ke nuna iyaka, magana ta zama tasa da tasu. Biyu, naman: banda baƙi ƙirin, wa zai rantse gwanki ne ba ɗan maraƙi ba? Shi ya sa ƙwararren ma'aikaci ke neman ƙaho, kofato, wutsiya ko guntun fata ya haɗa da shi. Uku, nama yana ruɓewa, dole a ɗauki hoto a nemi umarnin kotu kafin a zubar. Hoton waya kuma sai da takardar tabbatarwa da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada, in babu ita lauya zai tashi a ƙi karɓa. Huɗu, kayan shaida: a liƙa wa kowanne lamba, a shigar a rajista, a san hannun da ya bi daga daji zuwa kotu. In an rubuta bindiga uku aka kawo biyu, ƙarar ta raunana. Biyar, bayanin wanda ake tuhuma: da Hausa ya yi, da Turanci aka rubuta, to tafintan sai ya zo ya ba da shaida. In kuma ya ce duka aka yi masa kafin ya dangwala, sai an tsaya an binciki wannan tukuna.

Babin kotu na gaskiya ba ihu ne da kuka ba. Ma'aikaci ne zaune a benci tun ƙarfe tara da kakinsa a goge, a kira ƙara, a ce an ɗage, ya fito ya tarar da wanda ya kama yana sayen rake a bakin ƙofa.

Abu Hanan:
Barista ya kawo mu inda nake jira. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Labarin da ya tsaya a kan mai adaka bai kai rabin hanya ba. Sarƙar haka take: mai kamawa, mai tarawa a kasuwar ƙauye, dillali mai sito a birni, mai shirya takardun kwantena a tashar ruwa, mai saye a Asiya. Na farko ne kaɗai ke taɓa jini, kuma shi ne mai ƙaramin rabo.

Kada a ce abin na nesa ne. A Agustan 2024 jami'an kwastan sun kama fiye da tan 2 na ɓawon ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo da ke dunƙulewa in an taɓa ta, a jihar Kaduna, a lokaci guda da wani tan 7 a Ogun. Ba a dajinmu aka kama dabbobin ba, yawancinsu daga kurmin kudu da Kamaru da ƙasashen tsakiyar Afirka suke, mu hanya ce da ma'ajiya. Ƙaramin nau'in bai fi kilo biyu zuwa uku ba, ɓawonsa bai kai rabin kilo ba, wato tan ɗaya dabba ce fiye da 2,000. Kuma ɓawon nan sinadarinsa ɗaya da farcen mutum. A Afrilun 2019 Singafo ta kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya za su Biyetnam, kowacce da fiye da tan 12, ɗaya an rubuta mata daskararren naman shanu. Tun Janairun 2017 CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. A Oktoban 2023 an ƙone kusan tan 4 na ɓawon a Abuja, a Janairun 2024 aka niƙe tan 2.5 na hauren giwa.

Don haka mugun labarinku ba mai jan ido ba ne. Mai farar shadda ne, mai sito cike da buhunan citta da riɗi, wanda bai taɓa taka daji ba.

Ɗan Baka:
Na yarda da rabi, Malam Abu. Kada garin wanke talaka a mai da shi waliyyi. Mai ɗana waya hamsin ya san abin da yake yi, kuma maharban gado su ne suka fi tsanarsa, don shi ya ƙarar da abin da za su bar wa 'ya'yansu. Amma a ɗaya gefen a yi hattara da zanen duk mai laya da bindigar toka a matsayin ɗan ta'adda. A Maris 2025 mafarauta 16 aka kashe a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano, bindigogin farautarsu ne aka gani aka yanke musu hukunci a titi. Maharban nan kuma su ne suka tsaya gaban Boko Haram a Adamawa, irin su Aisha Bakari Gombi. Abin da aka rubuta a littafi yana bin mutane har tasha.

Maman Sultan:
Allah ya jiƙan su. To saura masu tarihin gaske, Barista. Wadda mahaifinta ya yi shekara talatin yana aikin gandu, ta ina za ta fara, me zai iya jawo mata rigima?

Barista Unguwar Rimi:
Abu huɗu, Hajiya. Na farko kuma mafi girma: masu tsegunta wa ma'aikata labari. Canza suna bai isa ba. In kin ce mai faci ne a bakin kasuwa mai mata biyu, duk garin sun gane shi, kuma ransa ne a ciki. A canza garin, sana'ar, shekarun, har lokacin da abin ya faru, a faɗa a gabatarwa cewa an yi hakan. Na biyu, ɓata suna: kada a kira mutum ɓarawon daji da sunansa sai in kotu ta same shi da laifi kuma kwafin hukuncin yana hannu. An kama shi daban, an same shi da laifi daban. Na uku, ƙarar da ke gaban kotu a bar ta sai ta ƙare. Na huɗu, in Baba ya ba da labarin ranar da aka harbi wani a daji, a sani laifin kisa ba ya tsufa a doka, abin da aka buga da sunansa zai iya zama iƙirari. Lauya ya karanta wannan babin kafin ya fita. Wanda yake bakin aiki har yanzu kuma sai da izinin hukumarsa, ga Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 a kan takardun ofis.

Anti Edita:
Na karɓi amsar Dakta, na janye jan da na yi. Ga nawa a kan tarihin rayuwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, a bar dattijo ya yi magana da Hausarsa, kada a wanke ta ta koma ta jarida. A ɗauki murya da waya, zama kada ya wuce awa ɗaya, bayan la'asar ya fi. Labari ɗaya a tambaye shi sau biyu da tazarar mako, inda suka saɓa nan ne za a bincika. Kada a ce "wace shekara?", ba zai tuna ba. A ce kafin canjin hannu ne ko bayansa, 1972 ke nan. Da fam aka biya ka ko da naira, 1973. Kafin bushiyar da ta kashe shanu a 1983 ko bayanta, wadda har ɓaunan Yankari ta taɓa. Da haka ake ɗaure shekara.

A nemi ɗan littafin sintirinsa in yana nan, da takardar ɗaukar aiki, da ta canjin wurin aiki, da hotuna, a duba bayansu ko an rubuta kwanan wata. A zauna da Mama ita kaɗai, ita ta san daren da bai dawo ba da watan da albashi ya makara. In da hali a nemi wani da Baba ya taɓa kamawa a ji ta bakinsa. Littafin da ma'aikaci bai taɓa jin tsoro ba, bai taɓa sakin wani don tausayi ko don kunya ba, mai karatu ba zai yarda da sauran abin da ke ciki ba.

Malamin Daji:
Ƙari a kan na Anti: masu son zamanin En'e su je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna, da Arewa House. Fayilolin Lardin Zazzau za a nema, rahotannin shekara da na gandun daji. A can za a ga sunayen muƙamai yadda suke a lokacin, malamin daji da dogarin daji, kada a sa wa mutumin 1955 kalmar renja a baki.

Maman Sultan:
Madalla, Allah ya ƙara sani. Masu labaran nan uku, kowa ya sake turo babinsa na farko ranar Asabar, a rubuta wata da shekarar da labarin ya faru a saman shafi. Yaya Ɗan Baka, ko za a samu hanyar zama da wani dattijon maharbi ga mai buƙata?

Ɗan Baka:
Za a samu, amma ta hannun Sarkin Bakan yankin ake bi, ba a faɗa wa mutum gida kai tsaye. A tafi da goro, mace ta tafi da muharraminta, a nemi izini kafin a kunna waya. A tambaye shi sawu da iska da halin dabba, zai yi ta bayani har magariba. Kada a tambaye shi abin da ke cikin layarsa.